Sabon Inji Ba Ya Ceton Tsohon Jirgin Ruwa

A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale ɗauke da ɗaliban Islamiyya ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano, sama da mutum 20 suka rasu. A watan Mayun shekarar ma wani jirgin ya tsage a Kogin Neja kusa da Wara, jihar Kebbi.

Duk mai riƙe da waya ya san cewa sabon batir ba ya tayar da wayar da injinta ya ƙone. Haka jirgin ruwa yake. Mai jirgin da ya ɗaura injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 a kan ruɓaɓɓen katako ƙara wa kansa haɗari ya yi, domin nauyin inji da girgizarsa duk a katakon baya suke sauka.

Gyaran gaskiya daga jikin jirgi yake farawa: a canja katakon da ya ruɓe, a toshe ɓaraka, a ƙarfafa mazaunin inji. Sannan a duba fulogi, kafireto, farfela da 'yar fankar da ke tura ruwan sanyaya inji. Kuɗin da ya rage a sayi rigunan kariya daga nutsewa.

Masu jirage na kuka da tsadar katako, kuma da gaskiyarsu. Amma katako yana da farashi, rai ba shi da shi. Wajibi ne hukumar NIWA ta riƙa duba jikin jirgi kafin ya ɗauki fasinja. Matasa kuwa, kyamarar wayarsu ta isa ta tona asirin ruɓaɓɓen jirgi tun yana bakin gaɓa.