Mai Wurno, Ɗan Sarkin da Ya Kafa Gari a Sudan

Duk lokacin da aka kawar da sarki daga karaga, hankalin jama'a yakan tsaya kan wanda ya sauka da wanda ya hau, alhali 'ya'yan gidan ne ke ɗaukar nauyin abin har ƙarshen rayuwarsu. A Jamus, bayan Sarki Wilhelm na Biyu ya yi murabus a 1918 ya tsere Holan, zuriyarsa ta daɗe tana neman a mayar mata da kadarori, kuma sai a 2023 Yarima Georg Friedrich ya janye ƙararsa ta neman diyya.

Ƙasar Hausa tana da misalin da ya fi wannan cancantar nazari, wato Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Da sojojin Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Attahiru ya zaɓi hijira, ma'ana barin ƙasa domin tsira da addini, amma aka cim masa a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. A lokacin Turawa sun riga sun naɗa wani Sarkin Musulmi, don haka ɗan bai tsaya jiran gado ba. Ya tattara waɗanda suka tsira, maza da mata da yara, ya bi hanyar alhazai zuwa gabas har gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sennar, inda garin da ya kafa yake amsa sunan Mai Wurno har yau.

Abin da ya ɗaukaka shi shi ne ya samar wa mabiyansa gona da masallaci da wanda zai tsaya musu gaban hukuma. Bayan kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, shirin Jazira, wato babban aikin noman auduga da ban-ruwa, ya dogara ƙwarai da gumin Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda Sudanawa ke haɗawa su kira Fallata. 

Sakayyar ba ta kai gumin ba, domin dokar zama ɗan ƙasa da Sudan ta yi a 1957 ta shardanta cewa asalin mutum ya kasance a ƙasar tun kafin 1898, abin da ya bar yawancin mutanen hijirar Burmi da 'ya'yansu a matsayin baƙi a garin da suka gina da hannunsu.