Gasa a Harkar Motocin Haya: A Tuna da Mutanen Fadama

Duk wanda ke zaune a ƙasar Haɗeja ya san maganar mota ba ƙaramar magana ba ce. Ɗalibai da yawa daga Kafin Hausa, Auyo, Guri, Kiri Kasamma da Birniwa suke zuwa karatu, kuma iyayensu sukan fara lissafin kuɗin mota tun kafin su kai ga kuɗin makaranta. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, inda lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, wannan lissafi ya ƙara nauyi. Shi ya sa ake ta muhawara. Wasu na cewa gwamnati ta sayo bas-bas ta riƙa jigilar jama'a da kanta, wasu kuwa na cewa a sakar wa 'yan kasuwa hanya su yi gasa, kuɗin mota zai sauka da kansa. A ganina gasa alheri ce, amma sai an yi mata ƙa'ida, kuma sai an tuna da ƙauyukan da ba riba a hanyarsu.

Bari mu fara waiwayen baya. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota da kayan gyara suka gagari masu sufuri. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar da shirin jigilar jama'a na tarayya, jihohi suka samu bas-bas. A wancan zamani sunaye irin su Kano Line da Borno Express da Yankari Express suka cika hanyoyinmu, talaka kuwa ya ji sauƙi. Amma a jihohi da dama motocin ba su yi ƙarko ba. An tsayar da kuɗin mota ƙasa ƙwarai, alhali taya da batir da sauran kayan gyara kullum tashi suke yi. Ga kuma halinmu na ɗaukar kayan gwamnati kamar ba na kowa ba. Motar da ta lalace sai a jingine ta, a riƙa cire mata kaya ana gyara 'yar'uwarta, har ita ma ta kwanta. Saboda haka wanda ke cewa gwamnati kaɗai ta riƙe harkar, sai ya fara gaya mana abin da zai hana a maimaita wannan.

To, mu juya ga masu cewa a bar 'yan kasuwa. Ai yawancin motocin da ke tashi daga Haɗeja zuwa Kano ko Dutse ko Nguru na 'yan kasuwa ne tun tuni. Abin tambaya shi ne, akwai gasa a tsakaninsu? A tasha, mota bin layi take yi. Wadda layi ya zo kanta ita za a cika, ko sabuwa ce ko tsohuwa, kuma kuɗin da ƙungiya ta yanke shi kowa zai biya. Fasinja ba shi da zaɓi, direban da ya kula da motarsa kuma bai fi wanda tayarsa ta suɗe samun komai ba. Ba ina zargin ƙungiyar direbobi ta NURTW ba ne, wadda aka kafa a 1978. Tana hana rikici a tasha, ta san direbobinta, kuma ta kan taimaka a gano kayan da suka ɓace. Amma yawan masu mota daban, gasa daban.

Akwai darasi daga Ingila. A 1985 aka yi dokar da ta buɗe harkar bas a wajen birnin Landan, ta fara aiki a watan Oktoba na 1986. Kamfanoni suka yi rububin hanyoyi masu riba, hanyoyin da ba fasinja sosai kuwa sai da ƙananan hukumomi suka biya kuɗi kafin a bi su. A garin Darlington, a 1994, wani babban kamfani ya riƙa ɗaukar mutane kyauta har kamfanin bas na garin ya durƙushe. A Landan kuwa wata hanya aka bi. Hukuma ce ke tsara hanyoyi da lokaci da kuɗin mota, sannan kamfanoni su yi takarar samun kwangilar kowace hanya na wasu shekaru. Wato ana gasar ne a kan takarda, ba a kan titi ba. A watan Satumba na 2023 yankin Manchester ma ya fara komawa ga irin wannan tsari.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Hanyar Kano ba za ta taɓa rasa mota ba. Amma wane ɗan kasuwa ne zai kai sabuwar motarsa cikin fadamar Guri ko Kiri Kasamma da damina, in ba dole ba? Mun ga yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yanke hanyoyi, har wasu ƙauyuka sai da kwalekwale ake shigarsu. Mai ciki da ke neman asibiti, da masuncin da kifinsa ke jiran kasuwa, da ɗalibin da ranar jarrabawa ta ƙarato, su ne za a fara mantawa da su idan riba kaɗai ce ke jan sitiyari.

Ga shawarata ga hukumomin Jihar Jigawa. Na farko, a manyan hanyoyi a bar duk kamfanin da ya cika sharuɗɗa ya buɗe tasharsa, ya sa lokacin tashi, mota ta tashi ko ta cika ko ba ta cika ba. Na biyu, hanyoyin fadama a ba da su kwangila a bainar jama'a, a haɗa hanya mai riba da marar riba a hannu ɗaya, wanda ya saɓa alkawari kuma a karɓe a ba wani. Na uku, a sa rangwamen ɗalibai cikin sharuɗɗan kwangilar. Na huɗu, a duba burki da taya da yawan lodi ba sani ba sabo, domin arha da za ta kai mutum kabari ba arha ba ce. Direbobin da ke tasha yanzu kuma a taimaka musu su haɗa kai su nemi kwangila, kada a raba su da abincinsu.

Ku kuma ɗalibai, cikinku akwai waɗanda gobe za su zauna a ofisoshin da ake yanke irin wannan shawara, akwai kuma waɗanda za su mallaki motocin. In ranar ta zo, ku tuna da hanyar da kuka biyo kuka zo makaranta, da mutanen da har yanzu ke tsaye a bakinta suna jiran mota. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.