Gizo ma ya isa shiga silima

Yara da yawa a Agiye, da Gazawa, da Gidan Rumji sun san Mickey, ɓeran nan mai manyan kunnuwa. Suna ganin shi a talabijin ko a wayar salula. Amma kaɗan suka san inda ya fito.

A shekarar 1923, Walt Disney da wansa Roy suka buɗe wani ƙaramin gidan silima a Amurka. Aikinsu zane mai motsi. Ana zana hotuna da yawa, kowane ya ɗan bambanta da na gabansa. In na'ura ta haska hoto 24 cikin sakan guda, sai ido ya ga kamar zanen yana tafiya. Mickey ya yi suna a 1928. A 1937 suka fitar da dogon fim ɗinsu na farko. Daga ina suka ɗauko labarinsa? Daga wata gatana ta ƙasar Jamus.

To, mu fa? Muna da Gizo da Ƙoƙi, da kura, da dila. Kakanninmu sun bar mana gatana wadda ba ta ƙirguwa. Don me yaranmu za su san ɓeran Amurka, su manta da Gizo?

Wani zai ce aikin ya fi ƙarfinmu, sai mai kuɗi. Mustafa Alasan, ɗan Nijar, ya nuna ba haka ba ne. An haife shi a 1942. Ya koyi aikin silima a Yamai tare da Jean Rouch, ya ƙaro sani a Kanada. A 1966 ya yi “Bon voyage Sim”, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa wanda ya tafi baƙunci. Daga baya ya yi “Kokoa”, inda dabbobi ke kokowa irin tamu. Ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015.

A ganina, ya kamata kowace makaranta ta nuna wa yara finafinansa. Ya kamata kuma masu zanenmu su sa Gizo ya yi magana da Hausa. Gatanar da aka daina faɗa ɓacewa take yi.

Ku ma kuna iya farawa. Ku tambayi kaka gatana guda, ku rubuta ta. Ku zana Gizo a kusurwar shafi goma na tsohon littafi, kuna ɗan sauya ƙafafunsa. Ku saki shafukan da sauri da babban yatsa, za ku ga Gizo yana gudu.