Amurka: abin da shagunan aski suka nuna game da hawan jini

Tun shekarar 1999 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, take ɗaukar nauyin shirin REACH, wanda ke tallafa wa ƙungiyoyin al'umma domin rage tazarar lafiya tsakanin jinsuna da ƙabilun ƙasar. Tazarar ba ƙarama ba ce, domin fiye da rabin manyan baƙaƙen fata na fama da hawan jini. Sai dai daftarin kasafin kuɗin 2026 da gwamnatin Trump ta gabatar ya nemi a rufe sashen hukumar mai kula da cututtuka masu daɗewa, lamarin da ya sake tayar da tsohuwar muhawara: shin irin waɗannan shirye-shirye suna aiki kuwa?

Wani bincike na daban da aka wallafa a 2018 ya ba da amsa mai ƙarfi. Likita Ronald Victor da abokan aikinsa sun shiga shagunan aski 52 a Los Angeles, inda suka bibiyi maza baƙaƙen fata 319 masu hawan jini. Zaɓen wurin dabara ce. Da yawa daga cikinsu ba sa zuwa asibiti a kai a kai, kuma ba a manta da Tuskegee ba, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere babu magani, da sunan bincike. Amma mutum ba ya fashin aski, kuma ya yarda da wanda ke ɗora masa aska a wuya.

A wasu shagunan, masu askin sun tsaya ga nasiha: a gyara cimaka, a je a ga likita. A sauran kuwa, ƙwararren mai harhaɗa magunguna ne yake zuwa har cikin shagon, ya auna jini, ya rubuta magani da yardar likita, ya kuma dawo ya duba. Bayan wata shida, awon jinin rukunin nasiha ya sauka da maki 9, na ɗaya rukunin kuma da maki 27. Kusan mutum biyu cikin uku na wannan rukuni sun koma ƙasa da 130/80.

Ke nan amana ce ta buɗe ƙofa, amma magani ne ya yi aikin. Nan ne kuma tsadar take, domin albashin ƙwararre da zirga-zirgarsa sun fi kuɗin buga takardun faɗakarwa nesa ba kusa ba.

Hausawan zango-zango ba baƙi ba ne ga wannan tunani, tunda wanzami ya daɗe yana taɓa harkar lafiya, daga ƙaho zuwa kaciya. A unguwanni irin su Briqueterie ta Yaounde ko Nima ta Accra, ba a rasa wanda jama'a ke jin maganarsa ba. Amma awon jini kyauta na yini guda, a bakin masallaci ko kasuwa, ya fi kama da rukunin nasiha: a faɗa wa dattijo jininsa ya hau, a naɗe rumfa, a bar shi da neman kuɗin ƙwayar da zai riƙa sha kullum.