Gem ɗin Yanzu, Kyan Ɗan Maciji

Wallahi raina a ɓace yake, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Shekaranjiya bayan magariba ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida nan Wurno, ido jajur, ya durƙusa ya ce, "Kawu, don Allah ka taimaka mini da dubu biyu." Na ce na mene ne? Wai akwai wata jaruma da yake nema a gem ɗin wayarsa, ya zuba duk abin da ya samu a cirar albasa yana buɗe akwati, ba ta fito ba. Yaron da ya wuni a duƙe cikin rana a fadama! Ku faɗa mini, in wannan ba caca ba ce, mece ce?

Mu da muka taso da gem irin na shiga rigar jarumi a bi labari har ƙarshe, mun san yadda abin yake a da. Final Fantasy VII na 1997 faifai uku ne, ka saya ko ka aro, shi ke nan, ba mai sake miƙo maka hannu. Morrowind na 2002 kuwa, wanda na buga a wata tsohuwar kwamfuta ina ɗalibi a Sakkwato, ba ya nuna maka hanya. Mutumin cikin gari ne zai yi maka kwatance, kamar yadda ake yi wa baƙo kwatancen dam ɗin Goronyo: bi nan, haye gada, duba dutse a hagunka. Da biro da littafi nake zama, ina rubuta sunan gari da kalmar Turancin da ta shige mini duhu. Ka ɓata, ka dawo, ka gane da kanka. Daɗin ke nan.

Sai kamfanin da ya yi Morrowind ɗin, Bethesda, ya fito da Skyrim a 2011, kibiya na gabanka tana cewa ga wuri. An mai da ɗan wasa raƙumi da akala. Wannan ma da sauƙi, tunda ka biya sau ɗaya ka huta.

Masifar ita ce waɗanda ake ce wa na kyauta. Kyauta? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Dubi Genshin Impact da ya fito daga Sin a 2020: zane kamar ka lashe, amma ba ya tashi sai da intanet, jarumansa kuma sai ka ja ƙuri'a. Tun 2018 hukuma a Beljiyam ta ce akwatin sa'a da ake saye da kuɗi a gem caca ne. Mu fa? Shiru. Ga shi a 2025 an amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data.

Mutanen Rabah da Goronyo ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse sabis saboda 'yan bindiga. Duk gem ɗin da ke jingine da intanet ya zama gawa a cikin waya, da kuɗin da aka zuba masa. Na da kuwa caji kawai yake nema.

Kada wani ya ce mini ba a iya yin na kirki yanzu. Baldur's Gate 3 na 2023 cikakke ne, ba akwatin sa'a, kuma duniya ta yaba. To amma wurin giga 150 yake so. Wa zai sauke wannan a Rabah, da wace wutar, da wace datar?

Ban ba yaron dubu biyun ba. Tsohuwar kwamfutata na kakkaɓe, na kunna masa Morrowind, na miƙa masa biro da takarda. Ya ƙura wa allon ido, ya juya hagu, ya juya dama, ya ɗago ya ce, "Kawu, to ina kibiyar? Ina zan bi?" Na ce tambayi mutanen garin, ka karanta abin da suka faɗa. Ko minti goma bai yi ba ya ture ta gefe, ya laluba aljihu ya ciro wayarsa.