Waiwaye: Daga Randa Zuwa Firiji a Ƙasar Gumel

Kafin firiji ya shiga jerin kayan ɗakin amarya a ƙasar Gumel, iyayenmu mata ba sa tara abinci wuri ɗaya. Ruwa na randa, a kan jiƙaƙƙen yashi, can cikin inuwa. Nono na ƙwarya, an kifa masa faifai an rataye a ragaya. Tumatir da kuɓewa in sun yi arha a yanka a shanya, albasa a baza ta inda iska ke ratsawa, naman layya kuwa a soya shi ƙayau ya yi makonni lafiya lau.

A kan wannan hikimar marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya ɗora a shekarun 1990, ya fito da tukunyar sanyaya abinci. Tukwanen ƙasa biyu ne, ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe bakin da ɗanyen tsumma. Ruwan na tsattsafowa ta jikin babbar, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin ciki. Gautan da ke yaushi a kwana 3 sai ga shi ya kai 27, alayyahun da ba ya kwana ya kai kwana 12. Ya raba dubban tukwanen a ƙauyukan Jigawa, ya kuma ci kyautar Rolex a 2000. Busasshiyar iskar rani irin ta Sule Tankarkar da Gagarawa ita ce abokiyar tukunyar nan. Damina na kankama sanyinta ke raguwa.

Da firiji ya zo, sai muka yar da rarrabewa. Buɗe na wani gidan ranar Alhamis da yamma, bayan maigida ya dawo daga kasuwar Maigatari: ledar ɗanyen nama a can sama tana ɗigar jini kan robar zoɓo, tukunyar miya da zafinta ba murfi, nono a jikin ƙofa, albasa ta cika ko'ina da wari. A ɗauke wuta da azahar a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, gari ya waye miya ta yi tsami, a hau zagin 'yan wuta. Rabin laifin namu ne.

Uwargida, ɗanyen nama da kifi ƙasa za su sauka, cikin roba mai murfi, don kada ruwansu ya taɓa abin da ba za a sake dafawa ba. Dafaffen abinci ya hau sama, a rufe, bayan ya huce, amma kada ya wuce awa 2 a waje. Jikin ƙofa ya fi ko'ina ɗumi saboda yawan buɗewa, don haka na ruwa da lemo ne. Nono da madara su matsa can ciki. Albasa, dankali da doya ba su da aiki a firiji. Kuma a bar wa iska hanya, cushe shi kamar motar kasuwa na hana sanyi zagayawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yara da ke buɗe ƙofa bini-bini bayan wuta ta tafi. Firijin da aka bari a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4, cikakken firiza kuwa har awa 48, wanda aka cika rabi awa 24, a bazararmu ma kada a sa ran za su kai haka. Duk lokacin da aka kawo wuta a daskarar da robobin ruwa, in ta tafi a jera su kusa da nama da miya. Ruwan shan yara kuma a mayar da shi randa a tsakar gida, a bar ƙofar firiji ta huta.