Gasar lig ta hurling a Ailan ba wasan share fage ba ce

A ƙasar Ailan akwai wasan gargajiya da ake kira hurling. Mutum goma sha biyar-biyar ne ke bugawa da sanda mai faffaɗan kai da 'yar ƙaramar ƙwallo, tsawon minti 70. In ƙwallo ta shiga raga maki uku ne, in ta bi ta saman sandar raga maki ɗaya. Ƙungiyar GAA da aka kafa a garin Thurles a 1884 ce ke kula da shi, kuma har yau 'yan wasan ba sa karɓar albashi: malaman makaranta ne, manoma, ɗalibai da ma'aikatan banki, kowa na buga wa gundumarsa. Gasa biyu gundumomin ke yi a shekara. Akwai lig da ake farawa cikin sanyin ƙarshen Janairu, sai kuma babbar gasar All-Ireland da ake kammalawa a filin Croke Park na Dublin a watan Yuli. Magoya baya da yawa sun raina ta farkon, suna ganin motsa jini ce kawai. Ni kuwa ina ganin sun yi kuskure, kuma kakar 2025 ta isa shaida.

Hujjar masu rainin tana da ƙarfi. A watan Afrilun 2025 Cork ta lallasa Tipperary a wasan ƙarshe na lig, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1998. Bayan wata uku suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na All-Ireland. Cork na gaba da maki shida a hutun rabin lokaci, amma da aka dawo maki biyu kacal ta ƙara, Tipperary ta tafi da kofi. Haka Waterford ta ci lig a 2022, sannan a babbar gasar ta kasa fita daga rukunin lardin Munster. To, ina amfanin kofin da ba ya nuna wanda zai yi dariya a ƙarshe? Sai dai masu wannan magana sukan manta da Galway a 2017, da Limerick a 2020 da 2023, da Clare a 2024, waɗanda duk suka haɗa kofunan biyu a shekara guda. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma waɗannan a lig suka gwada sababbin yara suka daidaita salon wasansu.

Amma ko da babu wannan, auna lig da ma'aunin All-Ireland zalunci ne. Gundumomi 32 ne a tsibirin, kuma tun 1999 shida ne kawai suka taɓa ɗaga babban kofin: Cork, Kilkenny, Tipperary, Clare, Galway da Limerick. Sauran fa? Su lig ce filinsu. A nan ne gundumar da hurling bai yi ƙarfi a cikinta ba ke samun jerin wasanni da tsararrakinta, ta ga ko ta ci gaba ko ta koma baya, har da ƙungiyoyin 'yan Ailan mazauna Ingila irin su Landan da Warwickshire. Dubi Offaly, wadda ta ci All-Ireland sau huɗu tsakanin 1981 da 1998, daga baya ta zube har mataki na uku a tsarin babbar gasar. Ta sake gina kanta da matasa, kuma alamar da kowa ya gani ta dawowarta ita ce hawa rukunin farko na lig a 2025.

Ciwon da ya daɗe yana damun gasar shi ne rashin fargaba. A da ƙungiya 12 ce a sama, manya kuwa sun san da wuya su faɗo, don haka koci na iya ajiye gwanayensa ba tare da ya yi asarar komai ba. A 2025 aka rage rukunin farko zuwa bakwai, biyu na ƙasa su sauka. Wa ya sauka? Wexford da Clare, wato Clare ɗin da ke riƙe da kofunan biyu a lokacin. Gasar da za ta iya tunkuɗo zakara ƙasa ta wuce a kira ta atisaye.

Ƙorafin da na yarda da shi shi ne na jadawali. Tun da aka dawo da wasan ƙarshe na All-Ireland watan Yuli a 2022 domin ƙungiyoyin garuruwa su samu lokacinsu, komai ya cunkushe. Mako biyu ne kawai tsakanin wasan ƙarshe na lig a 2025 da fara gasar Munster, inda ƙungiya biyar ke neman gurbi uku. Mutumin da zai tashi ya tafi aiki ranar Litinin ba inji ba ne, kuma ba laifin koci ba ne in ya ji tsoron rauni. Wannan matsala ta GAA ce, gyaranta kuma a hannunta yake. Ta bar tsarin ƙungiya bakwai da saukar biyu yadda yake, ta ƙara tazara tsakanin gasannin biyu.